Kwamfutar da ke sa baki cikin rikodin: yadda muka kaya da ƙarar fanka a wani ɗan situdiyo a Birnin Kebbi

Abin ya fara ne da wani sauti da ƙanin matata ya turo min ta WhatsApp wajen sha ɗayan dare, cikin Disamba, sanyin hunturu ya fara kankama. Bai rubuta komai ba sai "Yaya saurari wanga da iyafis". Na saka a kunne. Muryarsa ce yana karanta tallan wata makarantar Islamiyya, murya tas ba laifi, amma a ƙarƙashinta akwai wani huuuu kamar injin niƙa na can bayan unguwa, jefi jefi kuma sai kaji karr karr kamar an sa tsinke a sifokin keke. Masu makarantar sun dawo masa da aikin sunce ba za su kai wannan gidan rediyo ba.

Ni sana'ata gyaran kwamfuta da firinta, na fi shekara goma ina yi a garin nan, kuma mafi yawan kwastomomina 'yan bizines santa ne da masu kafe, su kam ƙarar fanka bata taɓa damunsu ba tunda janareta na bakin ƙofa yana ta nashi ihun. To shi yaron nan daban. Wani ɗan shago ya kama a Badariya ya raba shi biyu da filawud, ɓangaren ciki ya manna soson katifa da kiret ɗin ƙwai a bango, ya toshe taga, nan yake ɗaukar tallace tallace da waƙoƙin biki da karatun littafi da yake ɗorawa a YouTube. Idan za a ɗauki murya har fankar sama ake kashewa. Kaga kuwa a ɗaki irin wannan duk abin da ya yi motsi sai mayik ya ji shi.

Washegari da na je, tun kafin in zauna yace "Yaya wagga kwamfuta ta ishe ni walle, duk aikin da niy yi sai ta sa baki ciki". Ya riga ya gwada goge ƙarar da Audacity, manhajar gyaran sauti, ya kunna min sakamakon, muryar ta koma kamar mutum yana magana daga cikin randa. Dole haka ta faru, dan ƙarar iskar fanka ba sauti ɗaya bane da za ka cire shi ka huta, ta bazu ne tun daga ƙasa har sama, ta haɗu da inda muryar mutum take, in ka matsa mata da yawa sai ka kwashe har da naman muryar. Shawarar da ya yanke kafin zuwana ita ce ko ya sayar da ita ya ciko ya sayi laftof, ko ya sa a kawo masa irin mai sanyaya da ruwa ɗin nan da yake gani a bidiyon turawa. Nace masa ɗan tsaya tukuna, ita mai ruwan ma fankoki ne a jikinta har da famfo a kai, kuma bamu ma san wa ke kukan ba cikin gidan.

Kwamfutar haɗi ce, ba ta kamfani ɗaya ba, hannu na biyu ya saye ta. Furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, Intel Core i5-4570, irin na 2013 ɗin nan mai cin wuta har wat 84, da fankarta ta asali da take zuwa a kwali. Katin girafik, mai fitar da hoto a allo, GTX 1050 Ti mai fanka ɗaya. Had dis mai juyawa guda, ba SSD, irin ma'ajiyar nan da ba abin da ke motsi a cikinta. Fawa fak, wato mai raba ma kayan wuta, wani mara nauyi wanda ko sunan kirki babu a jikinsa, in ka ɗaga shi kamar gwangwanin madara. Sai wata ƙaramar fanka milimita 80 a bayan kesin. Duka duka fanka huɗu kenan, da had dis na biyar cikin masu motsi. Kuma ya ɗora ta a kan teburin filawud ɗin da mayik yake, tsakaninsu bai kai kamu uku ba.

Kafin in kwance ko sukuru ɗaya na sauke wata manhajar auna ƙara a wayata na ajiye ta daidai inda mayik yake. Waɗannan manhajojin waya ba ma'auni bane na tsakani da Allah, lambar da suke baka kar ka kai ta kotu, amfaninsu kawai ka gwada kafin aiki da bayan aiki da waya ɗaya a wuri ɗaya. Kwamfuta a kashe ta nuna 33. Da muka kunna ta tashi 52. Na buɗe HWMonitor, manhajar duba zafin kayan kwamfuta, furosesa tana zaune bata komai amma zafinta digiri 61, a safiyar hunturu fa da mutum ke sanye da rigar sanyi. Da na sa shi ya fitar da wani bidiyo da yake haɗawa, ba a yi minti uku ba ta haura 90, fankarta ta kama gudu kamar za ta tashi sama. Irin wannan furosesa in ta kusa 100 da kanta take rage gudu dan kar ta ƙone, shi yasa yake ta ƙorafin wai kwana biyu ta yi nauyi.

Daga nan sai neman mai laifi. Yadda nake yi ba wani abu bane mai wuya, irin na bakanike ne da yake ɗora sukudireba a jikin inji ya kara kunne. Na buɗe murfin gefe, na naɗe takarda kamar mazurari na kara a kunnena ina bin fankokin ɗaya bayan ɗaya. Sannan kowacce sai in ɗan danna tsakiyarta da yatsa ta tsaya na daƙiƙa biyu ko uku in ji me ya ragu. Tsakiya nace, wajen sitika, ba fukafukan ba, kuma ta furosesa ba a riƙe ta da daɗewa. Ta fawa fak kuwa bana cusa mata komai, kunne kawai.

Ina danna ta bayan nan mai 80, karr karr ɗin ya ɗauke ɗif, rabin huuu ɗin ma ya tafi. Yaron ya zaro ido yace "ashe wagga 'yar ƙarama ce munahukar". Na bi wayarta, ashe ba a madabod aka jona ta ba, babban faifan nan da sauran kaya ke jone a jikinsa, kai tsaye aka haɗa ta da fulogin fawa fak mai ƙafa huɗu ɗin nan na tsofaffin had dis, wato tun daga kunnawa har kashewa tana shan bolt 12 cikakke, ba mai ce mata rage, ko ana sanyi ko ana zafi. Ga shi irin mai bushi ce ba mai boris ba, man cikinta ya bushe bushin ya cinye, da na kashe na girgiza fukafukin da hannu yana lilo gefe da gefe. Bayanta kuma ƙarfen kesin ne da aka huhhuda ƙananan ramuka, iskar tana dukan ƙarfe fiye da yadda take fita, shi ma wannan ƙara ce mai zaman kanta.

Ta furosesa lafiyarta ƙalau, wahala ce ta yi mata yawa. Tsakaninta da haƙoran ƙarfen shan zafi ƙura ta yi kirtif ta zama kamar bargo, har ɓanɓaro ta nake da tsinke tana fitowa falle falle, jaja jaja irin ta garin nan haɗe da zaren soson katifa. Sannan cikin ƙafafu huɗu na roba da ake dannawa su kama madabod, ɗaya bata shiga ba, ƙarfen ya ɗan ɗage ta gefe guda. Da na cire shi gaba ɗaya sai na tarar da wani farin abu a busasshe yana marmashewa kamar alli. Na shinshina. Ban rantse ba amma na sha ganin masu gyaran da ke shafa makilin a madadin man furosesa, kuma wannan ya yi kama da shi sosai. Makilin yana yin aiki na kwana ɗaya ko biyu saboda ruwan da ke cikinsa, kwastoma ya biya ya tafi, daga ya bushe shikenan ya zama katanga tsakanin furosesa da ƙarfen.

Fawa fak shi ma da nashi, wani siririn fiii da baya canzawa. Katin girafik shiru yake sai an matsa masa. Had dis kuwa ba a jin sa a iska sosai, amma ka ɗora tafin hannu a teburin sai kaji yana zirr, girgizar tana bi ta kesin ta shiga filawud ta hau ƙafar mayik. Wannan ne ƙasa ƙasan gurnanin da na ji a iyafis.

Bari in ɗan tsaya a kan lissafin, dan shi na zauna na yi ma yaron a bayan takardar rasit kuma shi ya hana shi ɓarnar kuɗi. Ma'aunin ƙara, desibel, baya tafiya kamar mudu. Fanka biyu masu ƙara iri ɗaya in ka haɗa su 3 kawai suke ƙarawa a kan ta guda ɗaya, kuma kunnen mutum sai an samu bambancin wajen 10 yake jin kamar an ninka ko an raba biyu. Ma'anar wannan ita ce in kana da mai ihu ɗaya da masu raɗa uku, ko ka kashe masu raɗan duka ba abin da za ka ji ya canza, mai ihun za ka fara kamawa. Abu na biyu shine gudu. Iskar da fanka ke turawa tana tafiya daidai da gudunta, ka rage gudu rabi iska ta ragu rabi, amma ƙara faɗuwa take warwas, a lissafin injiniyoyi wajen desibel 15 take sauka. Shi yasa babbar fanka mai tafiya a hankali ta fi ƙarama mai gudu. Filin fuskar mai milimita 120 ya ninka na mai 80 sau biyu da kwata, to abin da ƙaramar za ta yi tana zagaye 2500 ko fiye a minti, babbar za ta yi kusan shi a wajen 1000 ba tare da ta tashi unguwa ba. Amma fa ba za ka iya rage gudun fanka ba sai ka fara rage mata aikin, in ba haka ba ka sayi shiru ka biya da furosesa.

Aikin ya ɗauke mu kwana biyu saboda neman kaya. Rana ta farko wanka. Na zare fulogi, na danna madannin kunnawa na ɗan riƙe dan sauran wuta ta fita, na taɓa ƙarfen kesin kafin in taɓa komai a ciki, dan lokacin hunturu iska a bushe take jiki yana tara wutar nan da ke ɗan tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota, ita kuma tana iya kashe RAM ko madabod ba ka sani ba. Muka fitar da ita waje muka sa bulowa. Ƙurar da ta tashi har mai shayin da ke gefe sai da ya rufe kofunansa yana mana Allah ya isa cikin wasa. Abin da nake roƙon duk mai sa bulowa shine ya riƙe fukafukan fanka da yatsa ko ya soke su da tsinke, kar ya bari iska ta juya su, na san daɗin ji ne wannan wiii ɗin amma gudun ya wuce wanda aka yi ta dominsa, yana cinye bushi, kuma fanka in ana juya ta da ƙarfi ƙaramin janareta take zama ta tura wuta baya. Haƙoran ƙarfen na bi su da tsohon buroshin haƙori. Saman furosesa da gindin ƙarfen na goge da sifirit da ƙyalle mara gashi har suka yi ƙyalli, na bari suka bushe, na ɗiga man furosesa na gaskiya kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, na mayar na danna ƙafafun bibbiyu a gicciye har kowacce ta yi ƙas, na leƙa bayan madabod na tabbatar duk huɗun sun fito.

Wannan kaɗai, ba a sayi komai ba sai man, furosesa ta dawo 36 a zaune, 68 a kan aiki.

Ita 'yar munafukar ta baya yaron ya so a yi mata mai a mayar. Ana yi, ba ƙarya bane, ka ɗaga sitika ka cire ɗan murfin roba ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, kar dai man gyaɗa ko man ja dan su daskarewa suke su kama ƙura. Na yi mata ma a gabansa ta yi shiru. Amma nace masa wadda bushinta ya riga ya cinye sati biyu uku za ta dawo da halinta, mu dai mu bar ta ta kwana kafin gobe.

Rana ta biyu na zo da fanka biyu daga cikin tarkacen shagona da wanda na samo wajen wani abokin sana'a, mai 120 da mai 92, duka masu waya huɗu. Wannan maganar waya tana da muhimmanci kuma mutane basa dubawa. Mai waya uku, ɗaya ƙasa ce ɗaya bolt 12 ɗaya kuma tana gaya ma madabod gudun da ake yi, in za a rage mata gudu sai dai madabod ya rage bolt ɗin, kuma wasu in aka sauko da su sosai basa iya tashi daga tsaye. Mai waya huɗu, ta huɗun ita ake kira PWM, wutar tana nan 12 amma ana aika mata umarni ta wannan wayar, tafi saukowa ƙasa sosai cikin natsuwa. Mai 120 na sa ta a gaba tana shigo da iska, mai 92 a baya tana fitarwa, dan ramin bayan ba zai ɗauki 120 ba. In ka rasa ina fanka ke hurawa duba gefen da ke da sandunan da suka riƙe motar, ta nan iska ke fita, na sha tarar da kwamfutar da aka sa ma fankoki duka suna kallon juna. Kuma da gangan na sa mai shigowa ta fi mai fita ƙarfi, saboda iskar ta riƙa fita ta ƙananan ramuka maimakon ta riƙa zuƙo ƙura ta kowace kafa.

Ƙarfen bayan mai ƙananan huji na yanke shi da almakashin kwano na sa irin zagayayyen wayan nan na kariya. Sai da na kwashe madabod da komai kafin in yanka, garin ƙarfe ɗaya ya faɗa inda bai dace ba an gama. Tsakanin kowace fanka da kesin na sa 'yan washa na roba da na yanko daga tsohon tib ɗin babur. Fawa fak ban buɗe shi ba kuma bana ba kowa shawarar buɗewa, akwai manyan kafasito a ciki da ke riƙe wuta mai ɗaruruwan bolt ko bayan an zare fulogi. Canza shi muka yi da wani na hannu mai nauyi, mai fanka 120 a ciki wadda ke bin zafi, mai tambarin 80 Plus, wato aƙalla kashi 80 na wutar da ya ja tana isa ga kayan, ragowar ce kawai ke zama zafi. Nan ne kuɗinsa suka fi tafiya, ya yi ta ƙunƙuni, nace ai ko ba dan ƙara ba wancan gwangwanin wata rana da shi da madabod za su tafi tare. Windows da manhajojinsa muka mayar kan ƙaramin SSD, tsohon had dis ya zama na ajiya, na sa masa roba shi ma, na saita ya riƙa barci in ba a taɓa shi ba. Kwamfutar kuma ta sauka daga teburin mayik ta koma kan wani ɗan benci a bayan mayik ɗin, tunda irin nashi gaba yake ji, baya kuma kurma ne kusan.

Sai BIOS, shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi. Na shiga wajen saitin fanka na tarar an sa ta furosesa a kan cikakken gudu da zarar ta wuce wani ɗan zafi kaɗan, ƙila mai makilin ne ya yi dan ya rufe aikinsa. Na ja layin da hannu, ƙasa da 50 ta tsaya kashi 30, a 65 ta kai wajen rabi, sai ta kusa 80 sannan ta saki duka. Na kuma sa mata jinkiri kafin ta ƙara ko ta rage gudu, dan kunne ya fi kama fankar da ke hawa da sauka fiye da wadda ke tafiya a miƙe ko da ta ɗan fi ƙarfi. A ƙarshe na yi mata matacin ƙura a gaba, gidan sauro ninki biyu da siririn soso a tsakiya, ina ta jin kaina gwani.

Waya ta nuna 37 a inda ta nuna 52. Ya ɗauki tallan Islamiyyar nan daga farko, ko Audacity bai taɓa ba, suka karɓa. Har tsire ya aiko gida, yayarsa ta cinye fiye da rabi.

Da a nan abin ya tsaya da ban ma rubuta ba. Cikin Afrilu, zafin nan na Kebbi da ke wuce 40 wanda ko ruwan randa ɗumi yake yi, sai ga kira. "Yaya ta dawo, kuma yanzu har sautin tsinkewa shikai." Na je da azahar. Ina shiga ɗakin ciki kamar na shiga gidan burodi, ba taga, fanka a kashe, ga soso ta ko'ina. Na duba benci babu kwamfuta. Ashe gogan naka daɗin shirun ya ɗebe shi, yaga saura ɗan kaɗan, sai ya sa kafinta ya yi masa akwatin katako ya manna soso a ciki ya zura ta ya rufe, ya bar ɗan rami na wayoyi kawai. Iskar da ta fitar mai zafi ita take sake shaƙa. Nace "kai yanzu in an sa ka cikin wanga akwati da azahar ya za ka yi?" yace "ai sai kuka". Nace to ita ma shi take.

Amma ba zan ɗora masa duka ba, nawa laifin yana nan. Matacin nan da na yi ya yi kauri tun asali, kuma ban gaya masa ya riƙa wankewa ba, wata huɗu na ƙurar hunturu ya toshe shi kamar an shafa laka, fankar gaba tana juyawa a banza. Na biyu kuma, saitin da na yi a Disamba na yi shi ne kamar Disamba za ta dawwama. Fanka bata ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, in ɗakin ya ƙaru da digiri 15 to furosesa ma ta ƙaru da kusan 15 a kan gudu iri ɗaya. Wadda ke aiki a 68 da sanyi ta koma 80 da wani abu, ta faɗa daidai inda na ce fanka ta saki duka, ga akwati ya ƙara nashi, har ta kai inda take rage gudun kanta, nan ne sautin ke tsinkewa. Bidiyoyin da muke kallo na masu kwamfuta shiru yawancinsu a ɗaki mai digiri ashirin da 'yan kai ake yin su, ni kuma na kwafo lissafinsu na kawo Badariya.

Muka fasa akwatin, katakon ya zama kanta. Matacin na mayar da shi gidan sauro falle ɗaya da aka ɗaure da maganaɗisu, a cire a kakkaɓe duk Juma'a. Fankar furosesa ta asali na sauke ta na sa irin dogon nan mai bututun jan ƙarfe da fanka 92, wanda ya samu shiga kesin ɗin da kyar, shi yana kwashe zafi da yawa a ƙaramin gudu. Saiti kuma na yi biyu na ajiye a BIOS, na sanyi da na bazara, na nuna masa yadda zai canza. Duk da haka da rana tsaka a watan nan waya bata sauka ƙasa da 42 ba, kuma na gaya masa gaskiya ba zan iya sauko da ita ba sai dai in cuci furosesa.

Shi ne ya kawo maganin da ya fi nawa. Yace tunda bangon filawud ne me zai hana ta koma ɗakin waje gaba ɗaya. Muka huda rami ƙasa ƙasa, muka wuce da wayar HDMI ta allo da ta USB doguwa, na dai ja masa kunne kar ta USB ta wuce mita 5 dan daga nan take fara wasa, musamman da na'urar sautin da mayik ke shiga. Muka toshe ramin da soso. Kwamfutar tana waje kan benci, ba a ƙasa ba inda take shan ƙurar takalma, fankar tsaye tana kaɗa mata, fankokinta su yi gudun da suke so ba mai jin su. A ciki allo ne kawai da kibod da linzami da mayik. Waya ta nuna 34, kusan daidai da lokacin da kwamfutar take a kashe.

Muna zaune a ciki mun rufe ƙofa muna sauraron shirun, ya sa hedifon ya ƙure ƙarfin mayik, sai naga ya ɗaga min hannu. Ya miƙo min na saka. Can ƙasa akwai wani fuuu siriri, yana zuwa yana ɗaukewa. Muka bi shi da mazurarin takarda har kusurwar ɗakin bayan labule, inbatar solarsa ce, ita ma da 'yar fankarta a ciki, da can ƙarar kwamfuta ce ta rufe ta. Ya kalle ni yace "Yaya wagga fa?" Nace wannan ka kira wanda ya haɗa maka sola ya fitar da ita waje, wayoyin batir ba aikina bane. Har yau da nake rubutun nan bai kira shi ba, in zai ɗauki murya sai ya kashe fitilu da firij ɗin ruwan sanyi dan inbatar ta huce fankarta ta tsaya, ya yi rikodin ɗinsa cikin duhu da hasken allo.